Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin DNA a Ɗakin Gwaje-gwaje da Yadda Ake Rubuta Rahotonsa

Waɗannan tambayoyi na tattara su ne daga bakin ɗaliban da ke zuwa wurina lokacin hutu, yawancinsu 'ya'yan manoma daga ƙauyukan da ke tsakanin Wudil da Gaya da Dutse, waɗanda suka samu gurbin karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Bayero. Da yawansu sun haddace ma'anar DNA tun suna sakandare, amma hannunsu bai taɓa riƙe kayan aikin ba, shi ya sa ranar farko a ɗakin gwaje-gwaje takan zo musu da fargaba. Na amsa gwargwadon abin da na koya a bakin aiki, kuma na fi tsayawa a wuraren da na ga sabon shiga yana yawan tuntuɓe.

Malam, wane aiki ake yi a ɗakin gwajin DNA, kuma ina ruwan mutumin karkara da shi?

Aikin mai koyo bai wuce abu uku ba: a ciro DNA daga cikin ƙwayar halitta, a ninka yankin da ake nema har ya kai yawan da za a iya gani, sannan a duba shi a auna tsawonsa. DNA, wadda ke ɗauke da bayanan gado na kowane mai rai, doguwar sarƙa ce mai igiya biyu da suka murɗe da juna, an jera ta da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kuma kullum A tana kama T, G kuma tana kama C. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ya fara ware ta a 1869 daga mugunyar da ke jikin bandejin marasa lafiya, amma sai a 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarta a Ingila, bisa bayanan da suka fito daga aikin Rosalind Franklin.

Ruwanmu da shi kuwa a fili yake. Irin waken nan SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, da irin waɗannan gwaje-gwaje ake tabbatar da cewa tsiro yana ɗauke da abin da aka ce yana ɗauke da shi. Injin GeneXpert da ake gwada kakin mai tarin fuka a manyan asibitoci, wanda ke ba da amsa cikin kimanin awa biyu har ya nuna ko cutar ta daina jin maganin rifamfisin, shi ma DNA yake ninkawa. Haka nan gwajin korona da kowa ya ji sunansa a 2020.

Shin mutum zai iya ganin DNA da idonsa ba tare da inji ba?

Zai iya, kuma ina son kowane ɗalibi ya fara da wannan kafin ya taɓa wani abu mai tsada. A sami rabin albasa a yayyanka, a daka ta sama-sama a ƙaramin turmi, a juye a kofi, a zuba ruwa kimanin mililita 100 da rabin cokalin shayi na gishiri da cokali biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke, a gauraya a hankali don kada ya yi kumfa, a bar shi minti goma. Daga nan sai a tace da tsumma mai tsabta a cikin kofin gilashi, a karkata kofin, a tsiyaya sifirit mai sanyi ƙalau ta gefensa har ya kwanta a saman ruwan albasar ba tare da sun cakuɗe ba. Idan aka ajiye kofin aka zuba masa ido, cikin minti biyu ko uku za a ga wani farin zare-zare mai yauƙi kamar na karkashi yana tasowa daidai inda ruwan biyu suka haɗu, da 'yan ƙananan kumfa maƙale a jikinsa, har ana iya naɗo shi da tsinke.

Kowane abu da aka zuba yana da dalilinsa. Sabulu yana narkar da fatar ƙwayar halitta, wadda maiƙo ce, gishiri yana sa zarurrukan su yarda su dunƙule, sifirit kuma yana fito da su domin DNA ba ta narkewa a cikinsa. Wannan shi ne tushen abin da ake yi a jami'a, illa dai can ana amfani da sinadarai masu tsabta da injin wulwulawa mai tara laka a gindin bututu. Sai dai a sani cewa abin da ya hau tsinken nan gauraye yake da furotin da sauran tarkacen albasa, kuma ɗalibin da zai ba da labarin gwajin ya kamata ya faɗi hakan.

Me ya sa malamai suke tsanantawa a kan fifet haka?

Saboda duk aikin a kansa ya rataya. Fifet shi ne abin ɗibar ruwa ɗan mitsitsi, kuma awonsa maikurolita ne, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na mililita. Ɗigon ruwa na yau da kullum yana kai maikurolita 50, alhali kai za a ce ka ɗebi ɗaya ko rabi, abin da da ƙyar ido ke hangowa a ƙarshen bakin roba. Akwai P20 da P200 da P1000, lambar tana nuna iyakar abin da kowanne zai ɗauka, kuma wanda ya murɗa ma'aunin ya wuce iyakarsa ya lalata shi.

Madannin fifet yana da tsayawa biyu. Idan za a ɗiba, a danna zuwa tsayawar farko tun kafin a tsoma, a tsoma ƙarshen bakin kaɗan, a saki a hankali. Idan za a zubar, a danna zuwa ta farko, sannan a ƙarasa zuwa ta biyu domin a fitar da ragowar. Kuskuren da na fi gani shi ne a danna har ƙasa kafin ɗiba, sai mutum ya kwaso fiye da abin da aka ce ba tare da ya sani ba. Ba a kwantar da fifet da ruwa a bakinsa, kuma kowane samfuri da sabon bakinsa. Wanda yake son ya san ko hannunsa ya zauna, ya ɗebi maikurolita 1,000 na ruwa ya zuba a kan sikeli mai kyau sau goma yana rubutawa, domin kowane zubi ya kamata ya ba shi kusan giram ɗaya.

Lissafin sirki ma yana nan kusa. Idan aka ba ka ruwan bafa, wato ruwan sinadarai mai hana tsamin gwaji sauyawa, mai ƙarfin ninki 10 kana buƙatar mililita 500 na mai ƙarfin ninki ɗaya, mililita 50 za ka ɗiba ka cika da 450 na tataccen ruwa. A yi lissafin a takarda kafin a buɗe kwalba.

Ta yaya zan kawo samfuri daga ƙauye ba tare da ya lalace ba, ga zafi ga rashin wuta?

Abokin gabar samfuri shi ne damshi tare da zafi, domin a nan ne enzayim ɗin da ke cikin ganye da ƙwayoyin ruɓa suke cinye DNA. Enzayim wani irin furotin ne da ke hanzarta ayyukan sinadarai a cikin ƙwayar halitta. Saboda haka idan babu sanyi, a nemi bushewa. Ganyen dawa ko gero ko wake, a zaɓi ɗanye shar wanda bai tsufa ba, a yanki kaɗan a sa a ambulan ɗin takarda, a jefa cikin leda mai rufewa tare da ƙwayoyin silika masu shan damshi, waɗanda ya kamata su ninka ganyen yawa sosai. Kada a shanya shi a rana kamar kuɓewa, kuma kada a ƙulle ɗanyen ganye a leda a jefa a but ɗin mota tun daga Gumel har Kano a watan Afrilu. Jini kuwa ana ɗiga shi a takardar tace ta musamman, a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a rufe, kuma da haka ake tattara samfurin binciken zazzaɓin cizon sauro daga wurare masu nisa.

A rubuta lambar samfuri da kwanan wata da sunan wurin a nan take a gona, da fensir ko alƙalamin da ba ya gogewa, domin ganyayyaki 40 da suka bushe duk kamarsu ɗaya. Ganyen tsiro yakan zo da danƙo da sinadarai masu hana gwaji tafiya, shi ya sa ake yawan bin hanyar CTAB, wani sinadari mai kama da sabulu, wajen cirowa. Mai aiki da jinin kaji kuma ya tuna cewa jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu suna da cibiya mai ɗauke da DNA, saɓanin na mutum da na akuya, don haka ɗan kaɗan ya ishe shi.

Enzayim da firaima, waɗanda ake amfani da su wajen ninka DNA, a firiza suke zama, a digiri 20 ƙasa da sifili. Inda wuta ke ɗaukewa, a raba su a ƙananan bututu tun ranar da suka iso, domin narkewa da daskarewa a kai a kai yana kashe ƙarfinsu.

Yaya ake sanin cewa DNA ɗin da aka ciro tana da kyau?

Ana haska ta da inji mai auna yadda take shan haske a ma'auni biyu, 260 da 280, a raba na farko da na biyu. Idan amsar ta zo kusa da 1.8 to tana da tsabta, idan kuma ta yi ƙasa sosai akwai furotin ko ragowar sinadari a ciki. Inda babu wannan inji, a gudanar da kaɗan a jel, wato daskararren abu da ake ratsa DNA a cikinsa da wutar lantarki domin a rarrabe ta bisa tsawo: layi ɗaya mai kauri a can sama alama ce ta lafiya, shafe mai jan jiki har ƙasa kuwa yana nuna ta kakkarye.

Mene ne PCR, kuma me ya sa injin yake hawa da sauka a zafi?

PCR hanya ce ta kwafe wani ɗan yanki na DNA sau miliyoyi a cikin ƙaramin bututu. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. A cikin bututun, wanda galibi jimlarsa maikurolita 25 ce, ana haɗa DNA ɗin samfuri, da firaima biyu, wato gajerun zare masu haruffa kimanin 20 da ke nuna farko da ƙarshen wurin da ake nema, da tubalan haruffan nan huɗu, da sinadarin maginiziyam, da enzayim mai suna Taq wanda shi ne maginin.

Injin yana ɗaga zafi zuwa kimanin digiri 95 domin igiyoyin biyu su rabu, ya sauko tsakanin 50 da 65 domin firaima su kama wurinsu, sannan ya hau 72, inda Taq ya fi jin daɗin gini. Zagaye ɗaya ke nan, kuma kowane zagaye yana ninka abin da ke ciki. A ɗauki ƙwayar gero guda a riƙa ninka ta sau 30, za a tarar ta haura biliyan ɗaya. An samo Taq ne daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafin 95 ba ya kashe shi, alhali kafin a same shi sai an riƙa ƙara sabon enzayim a kowane zagaye da hannu. Mai samfuri goma ya haɗa kayan gaba ɗaya, ban da DNA ɗin samfuran, a bututu guda, ya lissafa da rarar ɗaya ko biyu, sannan ya rarraba, kuma ya yi aikin a kan ƙanƙara.

Kayan aiki suna da tsada, me zai hana in bar bututun shaida in sa samfuri a madadinsa?

Wannan ita ce tambayar da ba na sassautawa a kanta. Hanyar da za ta mayar da ƙwaya ɗaya biliyan, za ta yi haka ga kowace DNA da ta faɗo cikin bututun, ko daga hannunka ta fito, ko daga gwajin jiya, ko ƙurar hunturu ce ta shigo da ita ta taga. Saboda haka kowane gudu yana buƙatar shaidu biyu. Na farko bututu ne da aka zuba masa komai amma aka sa tataccen ruwa a gurbin samfuri, kuma wajibi ne ya fito wayam. Na biyu bututu ne mai samfurin da aka riga aka san yana ɗauke da abin da ake nema, kuma wajibi ne ya nuna layi. Idan na farko ya nuna layi, duk sakamakon ranar ya rushe, ko da ya yi kyau a ido. Idan na biyu bai nuna ba, ba ka da ikon cewa samfuranka ba su da abin, domin wataƙila enzayim ɗin ne ya mutu a firiza.

Na taɓa yin kwana goma ina fama da wannan a wani ɗakin gwaji da na yi aiki. Bututun ruwa yana ta nuna layi, mun canza ruwa, mun canza firaima, abin bai daina ba, sai daga baya muka gano cewa fifet ɗin da ake zuba abin da aka gama ninkawa a jel, da shi ake dawowa a haɗa sabon gwaji. Tun daga ranar na raba teburin haɗawa da teburin jel, kowanne da fifet ɗinsa da safar hannunsa. A kuma lura cewa sifirit yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya rusa DNA, don haka da ruwan bilic da aka sirka ake goge tebur, sannan a bi da ruwa. Kayan da ake tsarkakewa da tururi kuwa, ƙa'idarsu digiri 121 ne na tsawon aƙalla minti 15.

Yaya ake haɗa jel, kuma yaya ake karanta shi?

Ana yin jel da garin agaros, wanda ake samowa daga ciyawar teku. Giram ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan bafa, TAE ko TBE, shi ne jel mai kashi ɗaya cikin ɗari. A dafa har ya narke tas babu gudaji, a bar shi ya huce har hannu ya iya riƙe kwalbar, a zuba a faranti, a tsayar da mashacin da zai bar ramuka, a jira kusan rabin awa ya daskare kamar agidi. Idan aka haɗa jel da wutar lantarki, DNA tana gudu ne zuwa wajen jar waya, don haka ramukan su kasance a ɓangaren baƙar, kuma wanda ya juya su zai tarar samfurinsa ya fice ta baya ya bi ruwa. Gajerun yankuna sun fi dogaye saurin ratsa jel, shi ya sa ake sa tsanin awo a ramin farko, wato cakuɗen yankunan da aka san tsawonsu, a gwada kowane layi da matakinsa. Wani ɗan hazo da ke fitowa ƙasa da matakin mai tsawon haruffa 100 galibi firaima ne suka kama junansu, kada a ƙirga shi a sakamako. Rinin etidiyam buromaid, wanda ke sa a ga layukan DNA a jel, yana iya taɓa ƙwayoyin gado, hasken da ake duba shi da shi kuma yana ƙona ido da fata, saboda haka ba a taɓa shi sai da safar hannu, ba a kallonsa sai da kariya.

Gwajin jini na sikila da ake yi kafin aure, shi ma gwajin DNA ne?

A yawancin asibitocinmu furotin ɗin jini ake gudanarwa a wutar lantarki, wato himogulobin, a ga ko A ne ko S. Asalin bambancin dai a DNA yake, a kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin dunƙulen DNA da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta, inda harafi guda ya sauya, GAG ta koma GTG. Tunda furotin ake dubawa, wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni ukun da suka wuce zai iya samun amsar da ba tasa ba, kuma ya kamata ya faɗa kafin a ɗebi jininsa. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba ya duba abin da ya faru da na baya.

Me ake rubutawa a littafin aiki?

Komai, kuma a lokacin da ake yin sa. Littafin ya zama ɗinkakke mai lambobin shafi, a rubuta da biro, kowace rana da kwanan watanta, a faɗi abin da ake nema, da adadin da aka zuba a zahiri, da lambar kwalbar da aka ɗiba, da jerin samfuri a ramukan jel. Idan wuta ta ɗauke a zagaye na 18 aka tayar da janareta bayan minti bakwai, a rubuta. Idan aka yi kuskure, a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, ba a yage shafi, ba a shafe shi. Rubutu a bayan safar hannu ko a guntun kwali da niyyar a kwafe da dare ya jawo wa mutane da yawa asarar aikin wata guda. Ma'aunin littafi mai kyau shi ne, wani ɗalibi da bai san ka ba ya ɗauka bayan shekara biyu ya maimaita gwajin ba tare da ya kira ka a waya ba.

Yaya ake tsara rahoton?

Gabatarwa tana faɗin tambayar da dalilin yin ta. Sashen kayan aiki da hanya yana faɗin abin da aka yi dalla-dalla, da adadi da zafi da tsawon lokaci da jerin haruffan firaima. Sashen sakamako yana nuna abin da aka gani kawai, da hoton jel mai lambar kowane rami da matakan tsani da shaidun nan biyu a bayyane. Sai a tattaunawa ne ake fassara, a gwada da aikin wasu, a faɗi raunin aikin. Taƙaitawar da ke farkon rahoto ita ake rubutawa a ƙarshe. Kowace lamba ta zo da ma'auninta, a faɗi samfuri nawa aka gwada da sau nawa aka maimaita, kuma wanda ya gwada gonaki biyar a Kiyawa kada ya rubuta kamar ya gwada Jihar Jigawa gaba ɗaya. Duk jimlar da aka ɗauko daga aikin wani a ambaci mai ita, a kuma sake faɗinta da kalmomin kai, domin kwafe babi daga kundin ɗalibin bara sata ce ko da malami bai gane ba.

Idan gwajin bai fito ba, ga lokacin miƙa aiki ya matso, me zan rubuta?

Ka rubuta cewa bai fito ba, ka nuna hoton yadda yake, ka bayyana abin da shaidunka suka nuna da abin da kake ganin ya jawo haka da abin da za ka sauya in ka sake. Wannan cikakken rahoto ne, kuma malamin da ya san aikinsa zai karɓe shi. Na san matsin da ɗan talaka yake ciki idan an sayar da buhun gero an biya masa kuɗin kayan gwaji, kuma na san akwai masu nuna masa hanyar aron hoton jel ko goge layin da ya fito a bututun ruwa da kwamfuta. Ina roƙonku da ku guji wannan. Ƙirƙirar sakamako da sauya shi su ne manyan laifuka a wannan fanni, kuma lambar da ka ƙirƙira yau wani zai iya gina shawarar irin shuka ko maganin mara lafiya a kanta gobe. Idan haske za a ƙara wa hoto, a ƙara wa hoton gaba ɗaya, a kuma ajiye na asalin.

Ina buƙatar izini kafin in ɗebi jinin mutanen garinmu, alhali duk 'yan uwana ne?

Kana buƙata, har kashi biyu. Na farko daga kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, tun kafin ka ɗebi ɗigo ɗaya, kuma lambar amincewar tana shiga rahoto. Na biyu daga kowane mutum da kansa, bayan an yi masa bayani da Hausar da yake ji, an faɗa masa abin da za a yi da jininsa da kuma cewa yana da ikon ƙi. Gaisuwa da neman yardar dagaci ko mai unguwa ladabi ne da ya wajaba, amma ba ta ɗauke yardar mai jinin, yaro kuma sai da amincewar mahaifansa. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya, don haka idan wani dattijo ya tsare ka da tambayoyi, ka zauna ka amsa masa da haƙuri. A jikin bututu da cikin rahoto lamba ake sawa a gurbin suna, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma tana zama a kulle wurin mai kula da binciken, kuma sakamakon kowane mutum ta hannun ma'aikacin lafiya ake mayar masa, shi kaɗai.